Ɗakin dawisu a ƙasar ƙanƙara

A jihar Minesota, can arewacin Amurka a kan iyaka da Kanada, daren Janairu a birnin Miniyapolis yakan sauka zuwa wajen digiri 13 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Wannan ma dare ne mai sauƙi. Ranar 30 ga Janairun 2019 birnin ya wayi gari a digiri 33 ƙasa da sifili, a 1996 kuwa garin Tower da ke arewacin jihar ya kai 51. Ƙasa kanta daskarewa take yi, shi ya sa dokar gini ta jihar ta ce a haƙa tushen gida ƙafa 3 da rabi a kudanci, ƙafa 5 a arewaci, don a wuce inda ƙanƙara ke kaiwa.

A irin wannan wuri ne wani lokaci mutum zai ɗaga kai a watan Oktoba ko Nuwamba ya hango dawisu a kan rufin wani tsohon sito, ya takure, ba mai shi. Tsuntsun Indiya ne da Siri Lanka, Indiya ma ta ayyana shi tsuntsun ƙasarta tun 1963. Mu a nan mun san shi a fada da gidajen masu hali, yana taƙama a tsakar gida, da magariba ya haye bishiya ko katanga, kuma ba wanda ya taɓa tunanin gina masa ɗaki ko da hunturu ya yi tsanani. A can kuwa wani ne ya saye shi don ado, da bazara ta zo tsuntsu ya fara kwarmata kukansa tun kafin asuba, maƙwabta suka kai ƙara, aka bar ƙofa a buɗe da gangan ko da sakaci. Wani kuma gonar aka sayar, aka kwashe kaya aka bar shi. Duk wanda ya ce zai karɓi irin wannan baƙo, 'yan makonni kaɗai gare shi kafin ƙasa ta ƙi shebur. Abin da gwanayen wannan aiki ke yi cikin waɗannan makonni ya cancanci a tsaya a duba.

Kamun ma da nasa ilimi. Da rana ba a kama dawisu, yana da gudu, in an matsa masa ya tashi sama. Ko dai a yi ta zuba masa tsaba kullum ana matso da ita har ya shiga gareji a rufe ƙofa, ko a bari dare ya yi, lokacin da ganinsa ya raunana, a tafi da tsani da bargo da fitila mai ƙarancin haske. A lulluɓe shi, a kama ƙafafuwan duka biyu da hannu ɗaya, yatsa ɗaya a tsakaninsu, a danne fukafukan a ƙarƙashin hammata, kansa na kallon baya. Wanda ya kama ƙafa ɗaya zai iya goce masa ƙugu, domin tsuntsu ne mai kilo 4 zuwa 6, kuma da ƙarfi yake fizga. Wanda ya kama jela kuwa gashi zai rage masa a hannu. Akwai kuma ƙayar da ke bayan ƙafar namiji, wadda ke yanka fata ba tare da sallama ba.

Kafin a sake shi, gwani yakan cusa yatsu cikin gashin ƙirji ya laluba ƙashin da ke tsakiya. Gashi maƙaryaci ne, tsuntsun da yunwa ta cinye da mai ƙiba duk kamarsu ɗaya daga nesa. In ƙashin ya fito da kaifi, ba tsoka a gefe da gefe, to wannan ba zai iya da sanyi irin na lafiyayye ba, duk lissafin da za a yi nan gaba sai an saka ramarsa a ciki. Sai a duba yatsu ɗaya bayan ɗaya, uku a gaba ɗaya a baya a kowace ƙafa, a ɗaga fiffike a nemi ƙwarƙwata, a ɗebi kashinsa a kai wa likitan dabbobi ya duba tsutsar ciki. A kuma sanar da hukumar kula da dabbobi ta yankin, ko da mai shi yana cigiya.

Daga nan sai killacewa ta kwana 30, nesa da duk wani mai fiffike a gidan. Mutanen Minesota ba su wasa da wannan. Jiharsu ce kan gaba a kiwon talo-talo a duk Amurka, kuma murar tsuntsaye ta 2015 ta jawo musu asarar talo-talo da kaji wajen miliyan 9. Akwai kuma dalili na biyu da ya shafi dawisun kansa. Kaji kan ɗauki wata cuta da likitoci ke kira histomoniyasis, su yi ta yawo da ita ba ta kayar da su ba, amma in ta kama dawisu ko talo-talo sai ta cinye hanta da hanji. Ƙwayar cutar tana ɓuya a cikin ƙwan wata tsutsar ciki, ƙwan kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa yana jira. Saboda haka tsohon akurkin kajin da ke bayan gida, wanda rago zai kalla ya ce ai ga ɗaki a shirye, shi ne wurin da gwani ya fara sokewa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin shi ne a ɗumama tsuntsu. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Zafin jikin dawisu yana wajen digiri 41, in sanyi ya taso sai ya buɗa gashinsa ya tare iska a tsakani, iskar ta ɗumama ta zame masa bargo. Lafiyayyen shuɗin dawisu na Indiya, in jikinsa a bushe yake kuma iska ba ta dukansa, yana jure sanyin da zai ba mutum mamaki. Rauninsa a ƙafa yake. Ƙafa ba gashi, kuma Allah ya tsara ta yadda jijiyar da ke kai jini ƙasa ta kwanta jikin wadda ke dawo da shi, jinin da ke sauka ya miƙa wa mai hawa zafinsa tun a hanya. Da haka jiki ba ya asarar zafi, amma yatsu kullum a sanyaye suke, kaɗan ya rage musu su daskare. A ƙarshen Disamba daren Miniyapolis ya haura awa 15. Tambayar da duk ginin ke amsawa ita ce, ina yatsun nan takwas za su kwana cikin waɗannan awoyi?

Amsar katako ɗaya ne, irin wanda kafintocinmu ke kira tu-bai-fo. Ainihin faɗinsa inci 3 da rabi ne, kaurinsa inci 1 da rabi. Duk hikimar tana ga yadda aka ɗora shi: a kwance, faffaɗan gefen yana kallon sama. In aka ba dawisu zagayayyar sanda, yatsunsa za su naɗe ta, kawunansu su leƙo ta ƙasa inda gashi ba ya kaiwa, a nan sanyi zai same su. In kuwa faffaɗan katako ne, sai ya shimfiɗa tafin ƙafa, ya durƙusa, ƙirjinsa ya sauko ya rufe yatsun ruf har farce. Wasu ma kan sa mai faɗin inci 5 da rabi don babban namiji. Bututun ƙarfe kuwa haramun ne a wannan ɗaki, domin ƙarfe zuƙe zafi yake yi daga duk abin da ya taɓa shi. Kafin a kafa katakon sai a bi kusurwoyinsa da samfefa a kashe kaifin, a shafa tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan ana neman sartse. Sartse ɗaya a tafin ƙafar tsuntsu mai nauyi kan zama ƙurji mai ruwa, wanda jinyarsa kan ci watanni. A ɗaure shi da kusoshi masu murɗi, ba na bugawa ba, sannan mai ginin ya rataya da hannu biyu ya ji ko yana motsi. In ya yi rawa dawisu ba zai yarda da shi ba, zai koma neman wani wuri mafi tsawo.

Tsawon da za a kafa shi kuwa jela ce ke yanke hukunci. Dogon gashin nan mai idanu da muke kira jela, a gaskiya gashin gadon baya ne, guda wajen 200, ainihin jelar gajera ce a ƙarƙashi tana tallafe da shi. Namiji ba ya cika ta sai ya kai shekara 3, tsawonta kuma kan kai ƙafa 5. Yakan zubar da ita a ƙarshen lokacin zafi, wajen Agusta, sabuwa ta yi ta tsirowa cikin kaka da hunturu. Ma'ana, tsuntsun da aka kama a Nuwamba da guntun gashi ba shi ne zai kwana a ɗakin a Fabrairu ba. Wanda ya auna ɗaki da abin da idonsa ya gani ranar kamu zai ga jela tana sharar kashi kafin hunturu ya ƙare, jiƙaƙƙen gashi kuma daskarewa yake yi ya karye. Gwani yana auna jelar da ba ta fito ba tukuna. Katakon kwana ƙafa 5 zuwa 6 daga ƙasa, aƙalla ƙafa 3 tsakaninsa da bango don tsuntsu ya iya juyawa, sama da shi kuma ƙafa 2 ko fiye don kada tukkunsa ya taɓa rufi. In aka haɗa lissafin, ɗaki mai ƙafa 8 a kowane gefe da tsawon ƙafa 8 shi ne mafi ƙanƙanta da mai hankali zai gina. In tsuntsun ramamme ne ko yana ɗingishi, sai a ajiye masa damin tattakar alkama a ƙasa ya zama matakala, ya hau sau biyu maimakon tsalle ɗaya.

Ɗakin yana ba arewa da yamma baya, domin daga can iskar hunturun Minesota ta fi kaɗawa. Ƙofa da taga suna kallon kudu. Miniyapolis tana tsakiyar tazarar da ke tsakanin tsakiyar duniya da ƙurewar arewa, a ƙarshen Disamba ko da tsakar rana rana ba ta wuce digiri 22 sama da ƙasa ba, haskenta a karkace yake zuwa, ya shigo ta tagar kudu har bangon ciki. Ɗumi ne na kyauta. Bangon kuma biyu ake yi, filawud a waje, filawud a ciki, a cusa soson tare sanyi a tsakani. Dole a rufe soson gaba ɗaya, in ba haka ba tsuntsu zai tsattsage shi ya haɗiye.

Nan ne aka zo wurin da ya fi burge ni. Bayan duk wannan toshe-toshe, sai mai ginin ya ɗauki zarto ya yanka dogayen kafofi a can sama, ƙarƙashin indararo, ya rufe su da raga kawai, ya bar su a buɗe duk tsawon hunturu. Baƙo zai ce ya ɓata aikinsa. Amma numfashin tsuntsu tururi ne, kashinsa ma yawancinsa ruwa ne. In ɗaki ya toshe, tururin zai tashi ya tarar da rufi mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda murfin tukunya ke tara gumi ya ɗigo. Danshin ya sauka a kan gashi ya kwantar da shi, bargon iska ya lalace, ya sauka a kan yatsu ya daskare. Ɗaki mai danshi a digiri 5 ƙasa da sifili ya fi cin yatsu fiye da busasshe a digiri 20 ƙasa da sifili. Ga kuma amoniya, wato warin nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji, mai ƙona ido da hanyar numfashi. Abin da ake so shi ne iska ta yi tafiyarta a sama da kan tsuntsu, ta kwashe tururi ta fita, amma a daidai inda yake zaune ko gashi ɗaya kada ya motsa.

Yadda ake gwada wannan abu ne mai sauƙi. Ranar da ake iska, kafin a zuba shimfiɗa a ƙasa, sai a shiga a rufe ƙofa, a kunna turaren tsinke a riƙe shi daidai katakon kwana. In hayaƙin ya miƙe sama a hankali, sai da ya kusa rufi sannan ya karkata ya nufi kafa, an dace. In ya kwanta tun daga bakin tsinken, akwai tsaguwar da ke hura wa tsuntsu iska, sai a bi hayaƙin a nemo ta a liƙe. Da hunturu ya kama kuma, ɗakin da kansa ke ba da rahoto kowace safiya. Gwani yakan ɗaga kai ya dubi tsinin kusoshin da suka huda rufi suka leƙo ciki. Ƙarfe ne, su suka fi komai sanyi, don haka su tururi ke fara kamawa. In ya ga kowane tsini ya yi farin gemu na ƙanƙara, ya san danshi ya yi yawa. Mafi yawan mutane a nan za su ƙara toshewa, shi kuwa sai ya ƙara buɗe kafa.

Ƙasan ɗaki ana fara shi da inci 4 zuwa 6 na dusar katako mai fala-fala, ba mai laushi irin gari ba, domin ƙurar tana shiga huhu. Wasu kan haɗa da tattakar alkama. Ba a kwashe ta duk mako, ƙari ake yi a kai, ana juya ta da manjagara, kafin ƙarshen hunturu ta kai ƙafa guda. Kaurin nan yana raba tsuntsu da daskararriyar ƙasa, yana kuma tarbar sa in ya diro daga sama da safe. Masu wayo kan watsa 'yar tsaba a kai, dawisu ya yi ta tono yana juya musu shimfiɗar. Ana duba lafiyarta da hannu: a damƙi cikin tafi a matse, in an buɗe ta warwatse to lafiya lau, in ta dunƙule ta jiƙe, a kwashe wurin a sake. Ana kuma duba ta da hanci, amma ba a tsaye ba. Sai mutum ya durƙusa ya kai fuskarsa daidai inda kan tsuntsun ke kaiwa. A ƙarƙashin katakon kwana kuma akan sa wani falanki da ke tare kashin dare. Da safe an tarar ya daskare, ana sa shebur sai ya ɓalle ƙwar-ƙwar cikin bokiti, aikin minti biyu, amma ya rage danshin ɗakin sosai.

Hunturu lokacin yunwa ne ga namun daji, kuma duk sun san inda nama yake. Akwai rakun, wata dabbar dare mai yatsu biyar da ke iya zare sakata ta buɗe ƙofa, don haka sai an sa ƙugiya mai maɓalli ko kwaɗo. Akwai wizil, siririyar dabba da ke iya ratsa kafar da ba ta wuce inci 1 ba. Wayar kaji ta gama-gari tana hana kaza fita ne kawai, ba ta hana ɓarawo shiga, shi ya sa ake amfani da ragar ƙarfe mai ido rabin inci a kowace kafa da taga. Masu tono irin su yanyawa kuma ana tare su da ragar da aka binne ƙafa guda a ƙasa, ko aka shimfiɗa ta a kwance ƙafa 2 kewaye da ginin aka rufe da ƙasa. A nan tsarin aiki ke nuna wanda ya san ƙasar. Gwani da haƙa yake farawa, ramukan ginshiƙai da na raga, tun kafin ya yanka katako ɗaya, domin rufi yana iya jira har Disamba, ƙasa kuwa ba ta jira.

Jikin ɗakin akwai farfajiya mai raga inda tsuntsu zai sha rana, masu kiwo kan ware wa kowane ɗaya murabba'in ƙafa 80 zuwa 100. Bangarorin arewa da yamma ana lulluɓe su da leda mai kauri wadda haske ke ratsawa, a bar tazarar tafin hannu a sama saboda dalilin da muka riga muka gani. Rufinta gara ya zama mai gangara kuma mai ƙarfi. In raga ce kawai aka shimfiɗa, dusar ƙanƙara mai ruwa-ruwa takan toshe idanunta ta taru, nauyi ya karya ginshiƙai a dare ɗaya. Mai irin wannan rufi ba shi da barci ranar da ake zuba, sai ya fito da doguwar tsintsiya yana bugun ragar daga ƙasa. A wani lungu busasshe kuma akan ajiye baho cike da yashi da tokar itace, domin dawisu da ƙasa yake wanka, waje kuwa ta zama dutse.

Batun wutar ɗumama ɗaki shi ne inda masu kiwo suka rabu, kuma ni ina bayan masu taka-tsantsan. Hanyar rago ita ce jan ƙwan fitila mai wat 250, a rataye shi da maƙali, a kunna, a koma ɗaki da kwanciyar hankali. A ƙasa busasshiyar tattaka, a sama ƙura, a tsakani babban tsuntsun da in ya firgita fiffike ɗaya ya isa ya kakkaɓo fitilar. Kowane hunturu sai an ji akurkin da ya ƙone ta wannan hanya. Ko gobara ba ta tashi ba, tsuntsun da ya saba da ɗaki mai ɗumi jikinsa bai shirya ba, ranar da guguwa ta yanke lantarki sanyi zai afka masa lokaci guda. Amma wanda aka ceto ba kullum yake lafiyayye ba. Ramamme, ko ƙaramin da bai taɓa ganin hunturu ba, ko wanda sanyi ya riga ya taɓa wa yatsu, yana buƙatar taimako. Haka koren dawisu na kudu maso gabashin Asiya, shi kam ba ya jure ƙanƙara, dole a ɗumama masa. A nan sai a kafa faifan ɗumi a bango kusa da katakon kwana, wani shafaffen allo ne na lantarki wanda ba ya yin ja, a haɗa shi da na'urar da ke kunna shi in sanyi ya kai wani mataki ta kashe in ya sassauta. Ba a neman ɗaki ya yi zafi, a dai rage kaifin daren. Wayoyin duk a cikin bututu, kada ɓera ko baki su same su.

Ruwa shi ne aikin da ba ya ƙarewa. A irin wannan sanyi kwano kan daskare cikin 'yan awoyi, tsuntsun da bai sha ba kuma ba ya cin busasshen abinci, wanda bai ci ba ba shi da abin ƙonawa ya ɗumama jiki. Mai lantarki kan ɗora mazubin a kan faranti mai ɗumi. Wanda ba shi da ita sai ya tanadi kwanonin baƙar roba mai lanƙwasa guda biyu, ya kai ɗaya da ruwa mai ɗumi, ya kife ɗayan ya taka gindinsa ƙanƙarar ta faɗo dunƙule guda, haka safe da rana da yamma. Ana ajiye ruwan a farfajiya ko can nesa da wurin kwana, a kan bulo, don kada ya zube a shimfiɗa, kada kuma tsuntsu ya taka ciki ya fito da jiƙaƙƙiyar ƙafa.

Abincinsa na yau da kullum irin na talo-talo ne ko na tsuntsayen daji, wanda ya fi na kaji sinadarin gina jiki, domin gashin da yake fitarwa da wannan sinadari ake ƙera shi. Ana ƙara masa ganye, kabeji ko makamancinsa, da tsakuwa ƙanana a wani kwano daban, tunda ƙundu da tsakuwa yake niƙa, ƙanƙara kuma ta rufe ta waje. Sai kuma ɗan tafin ɓarzajjiyar masara da 'ya'yan furen rana, wanda ba a bayarwa sai dab da faɗuwar rana. Wannan tafi guda aiki biyu yake yi. Tsuntsu zai hau katako da cikakkiyar jakar wuya, ya kwana yana narkarwa. Na biyu kuma, da shi ake koya masa shiga ɗaki. Ɗabi'ar dawisu ita ce ya nemi wuri mafi tsawo ya kwana, ko da kan bishiya ne a tsakiyar guguwa, inda wata babbar mujiya ta can ke jiransa. Shi ya sa ake tsare sabon zuwa makonni 6 zuwa 8 ko fiye, kullum a lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya, a zuba masarar a cikin ɗaki, ya shiga, a rufe. A Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya yi, don haka mai dawisu yana tsara wuninsa ne da wannan sa'a.

Duk da haka wata safiya ana iya tarar da shi a tsaye da ƙafa ɗaya, yatsa ya yi fari ko toka-toka, ya sandare. Hannu zai so ya murza, to murzawa yayyaga naman da ya daskare take yi. Ba a kai shi bakin wuta, ba a hura masa na'urar busar da gashi. A shigo da shi cikin gida, a tsoma ƙafar a ruwa mai ɗumin jikin mutum, wanda in ka sa gwiwar hannu ba za ka ji zafi ba, na kimanin minti 20, a tsane ta da tawul a hankali, a kira likita. Kada kuma a mayar da shi waje, domin naman da ya narke ya sake daskarewa ya fi na farko lalacewa. In bororo ya fito a bar shi. Inda ya mutu zai yi baƙi cikin makonni ya faɗi da kansa. Dawisu na rayuwa da guntun yatsa, sai dai daga ranar zai buƙaci katako mafi faɗi kuma mafi kusa da ƙasa, wato a sake ɗauko zarto.

Wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu ake yaye ledar, a kwashe shimfiɗar nan mai kauri a tara ta ta ruɓe ta zama takin lambu, a wanke ɗaki. A lokacin jela ta cika, kukan da ya sa aka yar da shi tun farko ma ya dawo. Dawisun da ke samun kulawa yana iya haura shekara 20, kowace shekara kuma da hunturunta. 'Yan uwa da ke zaune a Amurka ko Kanada ko arewacin Turai, wanda sha'awar tsuntsun nan ta kama shi ya fara tambayar hukumar garinsa ko doka ta yarda a ajiye shi, ya ji ta bakin maƙwabta, ya gama ginin ɗakin tun ƙasa na haƙuwa, sannan ya je ɗauko dawisu.